Babban Yatsan Mai Gilashi

A layin masu yankan gilashi Wuta ake ce masa, saboda zuciya. In ransa ya ɓaci, wata jijiya ce ke fara tashi a goshinsa tana harbawa, sai kowa ya nemi ƙofa. Ya taɓa karya wa wani direba haƙarƙari a kan madubi guda. Ƙanensa kaɗai ya iya zaman shago da shi, shi kuwa ba ya rabo da tsokana.

Wata rana ƙanen ya yanka gilashin taga, ya fito bai kai ba.

"Makaho ma ya fi ka awo!" in ji Wuta.

"To Yaya, a rage tagar mana."

Wuta bai san lokacin da ya hankaɗa shi ba. Ƙanen ya afka cikin gilasan da ke jingine a bango, suka tarwatse a kansa. Wani tsini ya nutse masa ƙasa da gwiwar hannu. Wuta ya fizge shi, yadda ya saba cire ɓarɓashi daga tafinsa. Ashe tsinin ne ya toshe ramin. Jini ya yi tsalle har bango, jajawur, ya tsaya, ya sake tsalle, kowane bugun zuciya da feshinsa.

Ya danna tsumma, tsumma ya jiƙe sharkaf. Ya laluba sama, cikin damtse, har ya ji inda abin ke harbawa, ya danne shi da babban yatsa har ƙashi. Feshin ya koma ɗiga.

A bayan motar kaya, hanyar asibiti, yatsun ƙanen suka yi sanyi, leɓensa ya yi fari. Jiki ya janye sauran jinin zuwa ciki. Wuta ya taɓa masa wuya, ya ji bugun ya ƙara sauri, ya sirance.

"Yaya, yau dai ka riƙe hannuna."

"Rufe min baki!" Da ya ga idonsa na lumshewa, sai ya daka masa tsawa: "A'a, yi ta magana, shashasha, kada ka yi shiru!"

Bai saki ba sai da likita ya ɓamɓare masa yatsan.

Ƙanen ya rayu, amma yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Yanzu shi ke awo, Wuta ke yanka. Jijiyar goshin nan tana tashi har yau. In ta tashi, sai ƙanen ya naɗe hannun riga, ya miƙo masa damtse.

"Ga shi, Yaya. Danna."