Hular da Hanne Ba Ta Ɗaga Ba

Duk Gafasa babu wanda ya taɓa jin Hanne ta ambaci sunan Abdulmumin. Ɗanta ne na fari, kuma a gidansu, gidan Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tsura masa ido. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke abinta. Daga nan baffansa ya tafi da shi Gaya ya sa shi a boko, daga Gaya sai Kano, daga Kano sai Legas. In ta kama dole Hanne ta yi zancensa, sai ta ce "wancan na Legas". Shi kuwa Adda yake ce mata, sai ka ce yayarsa.

Mata suna yaba mata wannan kara, ita ma ba ta taɓa ganin aibinta ba. Ta haifi biyar a bayansa, biyu suka koma. Mijinta Kabo ya rasu, ta ci gaba da abin da ta iya: ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa a kai mata Ajingi. A haka yaron da ba a kiran sunansa ya shekara arba'in da ɗaya a duniya.

Bara idonta ya fara cin amanarta. Kwano yana gefenta sai ta yi ƙafa da shi, akuya ta shigo har gindin murhu ba ta gani ba. 'Yar autarta Adawiyya ta kai ta asibiti a Gaya, aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, saura sai a lallaɓa shi da maganin ɗigawa. Ta ja wa Adawiyya kunne kada ta kuskura ta faɗa wa na Legas. Ganin da ya rage mata kamar na mai leƙe ta hudar ƙyaure ne. Ba ta ganin abu sai rana ta take, sai kuma ta kawo shi kusa da hancinta.

To a nan ne abin ya tsaya mata a rai. Ba makantar ce ta fi damunta ba, wannan ta bar wa Allah. Zama ta yi wata rana tana ɓarar gyaɗa, ta nemi fuskar ɗanta a zuciyarta ta rasa. Kada ka yi mamaki. Ta san muryarsa, ta san tarinsa, ta san yatsun ƙafarsa tun da su take kallo in ya zo gaisuwa, ta san ƙeyarsa in ya juya zai fita. Fuskar ce ba ta taɓa tsayawa ta ƙare wa kallo ba, kullum gani take akwai lokaci.

Da kaka ta yi sai ga waya, wai yana tafe. Adawiyya ce ta yi mata bayani: kamfanin da yake wa aiki bai damu da inda yake ba, in dai akwai sabis ya buɗe kwamfuta shi ke nan. Shi da matarsa Khaula sun ɗauko mota tun daga Legas, tafiyar mako shida, suna aiki suna yawon buɗe ido suna zumunci. Sun tsaya Lakwaja sun ga mahaɗar ruwa, sun hau duwatsun Jos, sun kwana Yankari. Gafasa an ba ta kwana uku.

"Kwana uku," in ji Hanne. "To, Allah ya kawo su lafiya."

Ranar da suka iso gida ya cika maƙil. Ya shigo ɗakinta ya durƙusa, kansa a ƙasa kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Adda, mun same ku lafiya?" Ita kuma wuyanta da kansa ya juya wajen bango, ya riga ya saba. Ta amsa a gajarce. Ga duhun ɗaki, ga mutane, ga Khaula a gefe. Kafin ta yi wani tunani ya miƙe, maza suna jiransa a zaure.

Washegari tun da hantsi ya ja mota ya tafi Ajingi, don sabis ɗin cikin gida ba ya ɗaukar mitin. Sai la'asar ya dawo, ya sha ruwa a tsaye, ya wuce ƙauyen Balan gaida goggonsa, daga can Gaya wajen baffa. Kowa yana da haƙƙi a kansa, kuma kowa ya iya buɗe baki ya nema, ban da ita.

Khaula kuwa yarinyar kirki ce, sai dai komai ta gani sai ta ɗauka a waya: rumbu, kaskon suya, hannun Hanne yana murza ƙuli. Hanne ta ga hanya ta samu. Ta yi kamar ba komai ta ce, "Wuraren nan da kuka je, akwai hotonsu?"

"Sosai ma, Inna," in ji Khaula, ta matso da murna.

Hanne ta kai wayar bakin hancinta. Ga ruwa, ga dutse, ga wani gwaggon biri a kan mota. Ga shi nan kuma, a kowane hoto, da baƙin tabarau da hular hana-sallah ta rufe rabin fuska. Ta so ta ce, babu hoton da ya cire gilashin a ciki? Sai kawai ta miƙa wayar ta ce, "Kun sha kallo."

Rana ta uku mitin ya ƙare da wuri. Ya dawo ana azahar, ya yi salla, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, barci ya kwashe shi. Khaula ta bi Adawiyya gona kallon cirar gyaɗa. Gida tsit, rana fes, irin hasken da idonta yake so.

Ta dama fura, don ko an gan ta a ce fura ta kawo. Ta lallaɓa da bango, ta ƙirga taku, ta durƙusa a gefen tabarmar. Ashe ƙudaje sun dame shi, ya kifa hularsa a fuska.

Ta sunkuya har tana jin numfashinsa. Ta ga kunne. Ta ga gefen gemu, da furfura sili uku a ciki. Ta ɗaga hannu ta kai kusa da bakin hular. Hula ce fa kawai, yatsa biyu sun isa. Amma in ya farka ya gan ta a kansa, ta ce masa me? Ta ji tausayin kanta, ta ji haushin kanta, hannun kuma ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Wayarsa ta yi gurnani a kan tabarma. Ta ja da baya da sauri har fura ta zuba mata a zani. Ya zabura ya tashi zaune, yana ganin ita ce ya sunkuyar da kai.

"Adda, ke da kanki? Ina Adawiyya?"

"Ga fura nan," ta faɗa wa darbejiya, ta miƙe.

Da safe suka ɗaura kaya, saura Kano da Zariya da dangin Khaula a Minna. Ya durƙusa ya ce in Allah ya yarda baɗi za su daɗe. Ta sa Adawiyya ta kai musu galan ɗin mai da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce a ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Damina ba ta faɗi ba 'yar hudar da take gani ta ciki ta rufe. Da labari ya kai masa ya zo a gigice, ya yi wa Adawiyya faɗa, ya kai Hanne wajen likitocin Kano, suka maimaita abin da aka faɗa a Gaya. Ya zauna gabanta a mota, a asibiti, a tsakar gida, har mako guda, babu tabarau babu hula.

Har yanzu tana murza ƙuli, hannu ya san aikinsa. In maƙwabta suka ce na Legas kamar Kabo ya yi kaki, sai ta ce, "Haka ake faɗa." Rannan dai suna ɓarar gyaɗa ita da Adawiyya, babu wanda ya tambaye ta, ta taɓa gefen kunnenta ta ce, "Kin san ya fara furfura? A nan. Sili uku, na gani da idona."