Kawu Inuwa da Kwamfuta Mai Kwanciya

Jama'a a gyara zama, mai rediyo ya rage murya. Yau zan gabatar muku da Malam Inuwa mai zanen riga na Unguwar Kwarbai, sarkin fensir, gwanin zanen aska takwas, mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya a bakin zaure ɗaya, a kan buzu ɗaya, yana fuskantar bango ɗaya, kuma har yau bai taɓa cewa bangon ya gundure shi ba. Yayan mahaifiyata ne, don haka Kawu nake ce masa. Shi kuma "kai" yake ce mini, duk da cewa shi ya raɗa mini suna Nafi'u.

Ga wanda bai sani ba, kafin masu ɗinkin hannu su soka allura a babbar riga, sai an fara zana musu abin da za su bi. Kawu ke zanawa. Idan ya karkace, su ma sun karkace, sai ka ga babban mutum ya shiga taro da ƙirji a jirkice. Kawu bai taɓa karkacewa ba. Ba ya dariya lokacin aiki, kuma kullum lokacin aiki ne.

Dukiyarsa ɗaya ce, wani kundin zane da ya gada daga mahaifinsa, marigayi Malam Audu. A daminar bara indararon soron ya toshe, ruwa ya kwanta a sama, ya nemi hanya, ya same ta daidai kan akwatin Kawu. Da aka buɗe, kundin ya koma kamar kunun da ya kwana. Kawu ya dube shi, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tashi ya je ya gyara indararon. Bai ci tuwo ba kwana biyu, ya ce gishiri ne ya yi yawa.

Yawancin zanen yana kansa, don haka aiki bai tsaya ba. Sai ga Alhaji Auwal, wani tsohon ma'aikaci daga Gyallesu, ya zo da shadda fara. Zai aurar da ɗansa, kuma yana son irin rigar da aka yi wa mahaifinsa shekaru hamsin da suka wuce. Zanen na Malam Audu ne na kansa, sau uku kacal aka taɓa ɗinka shi, kuma Kawu bai haddace shi ba. Masu ɗinki suka ce idan zane bai zo hannunsu ranar Juma'a ba, ba za su gama kafin biki ba. Kawu ya ce wa Alhaji, "In sha Allahu." A bakin Kawu wannan kalma sa hannu ce.

Abin da ya rage shi ne hotuna. 'Yarsa Batulu, mai karatu a jami'a, harabar Kongo nan cikin gari, ta taɓa ɗaukar hoton kundin shafi-shafi da wayarta wata rana da yajin aikin malamai ya zaunar da ita a gida. A lokacin har faɗa ya yi mata. Yanzu aka kawo wayar, ya sa tabarau, ya duba, ya ce shi tururuwa yake gani. Muka kai aka buga a takarda, hoton ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, saboda takardar kundin ta tsufa kuma layin fensirin ya dushe.

Ranar Litinin da hantsi ya kira ni.

"Kai, an ce ka san kwamfuta."

Na ce ai ni ne ita. Na yi wata bakwai a wata makarantar koyon kwamfuta a Tudun Wada. Kwas ɗin na wata tara ne, amma wata biyun ƙarshe maimaici ne, kowa ya sani.

"Ƙarama nake so, mai araha. Tashi mu je."

Muka hau keke mai ƙafa uku daga Babban Dodo zuwa Sabon Gari. A hanya na yi masa lacca kan ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da girman ma'aji da ƙarfin batir. Ya saurara har Ƙofar Doka, daga nan ya koma jan carbi. Ni kuwa a raina na riga na gama tsara yadda kwamfutar za ta riƙa kwana a ɗakina, tunda dattijo ba ya kallon ƙwallo.

Shagon wani abokina Kabir muka je, mai sayar da na hannu. Kabir ya ga babbar riga, ya ɗauka babban ciniki ne, ya ciro wata siririya mai ruwan azurfa, tana ƙyalli.

"Baba, wannan ko farfesa ya riƙe ta ba zai ji kunya ba."

Kawu ya karɓa, ya kifa ta, ya ƙura wa bayanta ido. Haka yake yi wa riga, sai ya juya cikinta kafin ya kalli gabanta. Sannan ya buɗe ta, ya soma tura fuskar baya a hankali, yana turawa, har ta yi ƙara.

"Baba, nan ne iyakarta," in ji Kabir, hannunsa a sama.

"Ba ta kwanciya?"

"Ba ta kwanciya."

"To ajiye."

Haka ya yi wa guda biyar. Kowacce ya tura ta baya har sai Kabir ya ambaci sunan Allah. Na matsa na raɗa masa cewa ba a gwada kwamfuta haka, a bari in duba ram. Ya ce in duba, ai ba wanda ya riƙe ni.

Kabir ya goge zufa, ya kawo wata mai kwanciya har ta naɗe, irin wadda ake taɓa fuskarta da yatsa. Kawu ya shimfiɗa ta, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin. Nan take abubuwa suka soma tsalle, wannan ya buɗe, wancan ya rufe, wata waƙa ta tashi.

"Wannan irinka ce," ya ce mini. "Ba a taɓa ta ta zauna lafiya."

Daga ƙarshe Kabir ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai wata baƙa, ƙarama, mai kauri, gefenta duk roba, irin wadda ake raba wa 'yan firamare a wasu ƙasashe. Madannai uku sun fita kamar bakin tsoho. A murfin akwai hoton agwagwa da wani yaro ya manna, ya ƙi ɓaruwa. Kawu ya tura ta baya, ta kwanta shame-shame ba ko ƙara. Ya auna fuskar da taƙi, taƙi ɗaya da yatsa biyu. Ya rufe ta, ya zura a aljihun babbar rigarsa, ta shige ta ɓace.

Kabir mutumin kirki ne, sai ya ce, "Baba, gaskiya wannan tana da nawa. Kafin ta buɗe ka yi alwala ka dawo. Sauti ba ya fita. Haruffa uku babu."

"Tana haske?"

"Haske kam tana yi."

"To."

Na ce Kawu, da mutuncina a garin nan ba zan fito daga shago da agwagwa ba. Ya ce ai a aljihunsa take.

A gida na haɗa waya da kwamfuta, na juye hotuna tamanin da shida. Kafin su gama shiga an yi azahar. Na buɗe zanen Malam Audu, na ce to Kawu ga shi, sai kallo. Bai kalla ba. Ya tura ƙyauren zaure ya rage haske, ya kwantar da kwamfutar a kan allon aikinsa, ya ce in ƙara girman hoton. Na ƙara. Ya auna da taƙi, ya ce in ƙara kaɗan. Ya ce tsaya. Sai ya ciro farar takarda shara-shara, ya shimfiɗa a kan gilashin, ya danne gefenta da almakashi da kwalbar tawada. Hasken ya ratso daga ƙasa, layin da ya dushe ya fito ta cikin takardar ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki fensir ya soma bi.

Na ce ya bi a hankali kada gilashin ya fashe. Ya ci gaba da zanensa. Fensirin ma da ƙyar yake taɓa takardar.

Zanen ya fi fuskar girma, don haka kashi shida ya yi shi, ni ina matsar da hoton, shi yana haɗa gaɓa. A kashi na huɗu ya tsaya. Akwai wani wuri da Malam Audu ya ja layi, ya goge, ya sake ja kusa da shi, kuma shatin na farkon bai ɓace ba. Kawu ya daɗe yana kallon wurin. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce fensirorin yanzu ba su da kyau. Sannan ya bi layi na biyu.

Ranar Alhamis da la'asar zane ya hau kan shadda, masu ɗinki suka zo suka ɗauka. Babbansu ya buɗe, ya duba, ya ce, "Hannun Malam Audu ne." Kawu ya ce a kula da wuyan, kada a ja zare da ƙarfi.

Tun daga ranar, kullum bayan walaha yana kwafe shafi biyu a sabon kundi, wanda yake ajiyewa cikin leda, cikin gwangwani, nesa da indararo. Kwamfutar ba ta taɓa kwana a ɗakina ba. Ba ta san intanet ba, ba a taɓa danna mata harafi ba.

Jiya na same shi a kan shafi na saba'in. Na tsaya a bakin ƙofa na ce Kawu, ka san dai ka shiga tarihi. Kai ne mai zanen riga na farko a birnin nan da ya rungumi fasahar zamani, kuma da taimakona. Idan ka yarda in buɗe maka shafi a intanet, duniya ta san ka, har daga Legas a riƙa turo aiki.

Bai ɗago ba.

"Fitila na saya," ya ce. "Rufe ƙofar, kana shigo mini da rana."