Allo na Biyar a Magazan Shinkafa

Jama'a, ni ɗan kasuwa ne, abin da ban taɓa da hannuna ba ba na yarda da shi, amma wallahi wannan ya same ni a nan Gaya, da rana tsaka, shekara huɗu ke nan.

Ina da magaza mai ɗaki huɗu kusa da kogi, inda nake tara shinkafar da nake saye a wajen manoman Bengou da Bana. Damina biyu a jere laima tana ɓata mini buhuna, sai ƴar ƙanwata Rakiya, wadda ta karanci ordinata, wato kwamfuta, a Yamai, ta ce in samo mata wasu ƙananan alluna, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, kowanne ordinata ce mai zaman kanta, ta haɗa musu abin auna laima, ɗaki guda allo guda, duka su shiga babbar ordinatar ofis ta wayar USB. Na ƙetara kogi zuwa Malanville na samo huɗu a wajen wani dillali, na hannu, da araha. Ban tambayi asalinsu ba, kuma nan ne kuskurena.

Muka jera su bisa tebur bayan azahar. Da farko in ta sa na biyu sai na ɗaya ya ɓace, ta ce lamba guda suka zo da ita, ordinatar ba ta bambanta su, dole a ba kowa tasa. Ta yi haka, layi huɗu suka fito a gilashin ordinatar, ina murna, sai ta dube ni.

"Kawu, nawa ka sayo?"

Na ce huɗu mana, ga su gabanki. Ta juyo mini gilashin, ga layi na biyar a ƙasa, da lambarsa, yana aiko da awo kamar sauran, sai dai huɗun suna nuna bushewa, shi kuwa yana nuna ya cika da ruwa. Ta ce wataƙila ragowar tsohon saiti ne, ta goge, ya dawo. Ta kashe ordinatar ta kunna, ya dawo. Ta cire wayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, na riƙe su a hannuna da kaina, huɗun suka ɓace, na biyar yana nan. Ordinatar kuwa ba ta da intanet, ba ta haɗe da komai sai wutar bango. Na ce ke ce mai karatu, ki gaya mini. Ta ce, "Kawu, na kira shi, kuma yana amsawa."

Washegari na koma wajen dillalin. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce kayan wani mai gyaran injin ban ruwa ne, wanda kwale-kwalensa ya kife a kogi, ƙanensa ya kwaso ya sayar tun ba a raba gado ba. Na tambaye shi ko huɗu ne dama. Ya ce biyar ne, ɗaya yana cikin jakar mamacin ranar, kuma ba a samu jakar ba.

To, yanzu ku gaya mini, buhu ɗari uku nake da su a ƙasa, ɗakunan a bushe ƙarau, in kwashe su saboda allon da babu shi? Abokaina suka yi mini dariya, ni ma na yi wa kaina, amma na kira kamiyo, babbar motar kaya, na kai shinkafar gidan wana a kan tudu. Kwana uku aka tafka ruwa, kogi ya taso, ya shiga magazan har gwiwa.

Na nemo matar mamacin na mayar mata da allunan huɗu, na sa aka yi masa addu'a. Da muka kunna ordinatar, layin ya tafi, bai sake dawowa ba. Rakiya ta kai maganar wajen malamanta, suka ce ba mai yiwuwa ba ne.

Har gobe ban sani ba, gargaɗi allon nan yake mini, ko kuwa halin inda yake kwance yake faɗa. Ku dai, in za ku sayi kayan hannu, kafin ku tambayi kuɗi, ku tambayi na wane ne, kuma ko an raba gado.