Jarumin da Aka Sassaƙa da Tukunya a Ka

Ɗan gwaggona tela ne. Maɓalli muke ce masa, don tun yana ƙarami kansa ɗan mitsitsi ne, ga shi zagayayye. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: keke biyu, dutsen guga, madubi mai tsaga, da tsohuwar talabijin a saman kabad, an jona mata na'urar wasa. Da aiki ya lafa da rana, sai ya ture almakashi ya ɗauki abin dannawa.

Shekara biyar ya yi a kan wasa ɗaya, na wani jarumi mai takobi a ƙasar dodanni. Mutane wata guda suke gama shi. Shi kuwa dodo na can yana cinye gari, Maɓalli na kasuwar cikin wasan yana gwada wa jaruminsa alkyabba.

"Dubi kafaɗar nan," haka zai ce mini. "Wanda ya zana ta ya taɓa riƙe allura."

Da kashi na biyu ya fito, duk 'yan layin suka zuba masa ido, wai shi zai faɗa ko ya cancanci a buga. Mai gyaran waya, maƙwabcinsa, ya tsegunta masa cewa sabon yana karanta ajiyar tsohon, wato inda ka tsaya, ya kafa wa jaruminka mutum-mutumi a tsakiyar birni, da kayan da ka bar shi da su. Mako guda Maɓalli ya yi yana zaɓen kaya. Ko ranar aurensa bai yi wannan kwalliya ba, ina wurin.

Sai ya tafi sayen zare, ya bar ni gadin shago.

Hannuna ne ya zame, sau goma sha ɗaya. Na kunna tsohon wasan, na tuɓe jarumin ya rage daga shi sai gajeren wando, na kifa masa tukunya a ka, na jefa alkyabbar a kogi, na danna ajiya.

Washegari wanzami da mai gyaran waya suka zo kallo, har matar Maɓalli ta tsaya bakin ƙofa da kwanon abincinsa. Da ya kunna sabon wasan, a ciki aka busa ƙaho, jama'a suka durƙusa, aka yaye mayafi. Ga mutum-mutumin dutse nan ya kai bene hawa bakwai, cibiya a waje.

"Maigida, ɗinkin naka ke nan?" in ji matarsa.

Wanzami ya ce, "Tukunyar dai ta zauna daidai."

Maɓalli bai kalle su ba, ni ya kalla. "Ɗan kawu, jiya wa na bar wa shago?"

"Ɓera na gani yana tattaka abin dannawa."

"Ɓera mai gemu."

Mai gyaran waya ya ce hanya ɗaya ce: sai wanda ya kai ƙarshen wasan ya hau gadon mulki ke da ikon sa a sake sassaƙa.

Mutumin da shekara biyar bai kashe ko ƙadangare ba, sai ga shi yana sare dodanni kamar yana yanka yadi. Duk hanyar da zai bi kuma sai ta ratsa ta dandalin, inda mutanen wasan ke gaishe da tukunyar. Kwana tara ya gama. Sarautarsa ba ta yi minti ɗaya ba ya aika a kira masassaƙa, ya sa wa jarumin riga mai maɓalli arba'in.

Wanzami ya ce, "To, ya cancanci a buga?"

"Labarin ya yi tsawo, wuyan rigunan bai kai na farko ba. Amma ku buga. Ku dai kulle shago in kuna da dangi."

Na ɗauka magana ta wuce. Da na karɓi sabuwar rigar da ya ɗinka mini, na sa na fita, sai na tarar aljihun duka a ɗinke suke, hannun hagu kuma ya tsaya a gwiwar hannu.

"Hannuna ne ya zame," in ji shi.