Yashin Rafin Marke

A bazarar da na shiga aji huɗu, tsakiyar shekarun 1970, ranar wata Laraba, ina durƙushe a tsakiyar Rafin Marke ina tonon yashi da sakaina sai ga tifa ta gangaro da baya. Ban taɓa ganin mota a cikin rafi ba. Yaya Lami ta fizgo ni, ta ce, "Ke, sai ta taka ki za ki tashi?"

Rafin ƙarami ne. Daga gindin wasu duwatsu yake tasowa a arewa da garinmu, kwaruruka su zubo masa ruwan gonaki, ya ratsa filin gamba, ya shimfiɗu a fadama, sannan ya faɗa babban kogi. Amfani da shi ma bi da bi ne. Can sama ake ɗibar na sha, ƙasa kaɗan wanki, sai mashayar shanu, sai lambuna. Wanda ya saɓa ya sha bulala. Da rani ruwan yakan nutse cikin yashi. Kamu guda za ka tona ya tsattsafo da sanyinsa. Da shi Baba yake ban ruwan albasarsa da jigo, albasar kuma ita ke ciyar da gidanmu har damina.

Lokacin arzikin mai ne, a birni ana ta gini da siminti. Da 'yan kwangila suka nemi yashi, dattawa ba su yi musu ba. Baba da kansa ya ɗauki shebur ya shiga lodi. "Yashi ne fa," in ji shi, "damina za ta kawo wani."

Damina ba ta kawo ba. Ruwa ya zo a guje bisa tsurar laka, ya zaftare gaɓa, ya wuce. Ranin da ya biyo baya muka tona har hannu ya yi jini, babu ko laima. Albasa ta ƙone tun tana ƙarama. Baba ya kwance jigonsa, Inna ta yi girki da itacen, shi kuma ya tafi Kaduna gadi. A can ya rasu.

Yanzu ina Plumstead, can ƙasar Turawa, a gidan ɗana, ruwa a famfo dare da rana. Kwanan baya jikata ta nemi rafin a taswirar wayarta, ta daɗe tana jan yatsa, sannan ta ce mini da Turanci babu shi. Ban yi mata gardama ba. Mu da muka san inda ya bi mun kusa ƙarewa.