Mai Kwamfuta a Kan Buhun Masara

A tashar Tudun Wada, wani saurayi na zaune kan buhun masara, gilashinsa ɗaure da zare, kwamfuta a cinya, sai tsaki yake ja. Ina jin shi ne injiniyan gidansu, wanda ake kai wa duk wayar da ta mutu.

A waya yake kai ƙara: "Yallaɓai, na gaya wa manhajar lamba za a sa a gurbin yawan shanu, ta ɗauka kowa lamba zai rubuta. Sai wani makiyayi a Burumburum ya rubuta 'Alhamdulillahi'. Ta tsaya cak! Yanzu nake koya mata ta duba kafin ta haɗiye. In ban gama ba, gobe babu rigakafi."

Na ce, "Malam, saura gyara nawa?"

Ya ɗago jajayen idanu.

"Alhamdulillahi."