Jar Fatar da Lalla Ta Ɗinka wa Sitiyari

Duk wanda ya san Tawa kafin zamanin jam'iyyu ya san Alƙasum direba, in ma bai san sunansa ba ya san motarsa. Ba wai tasa ce ba, don har ya koma ga Allah ko keke bai mallaka ba. Amma duk motar da aka damƙa masa, kafin mako ya zagayo za ka ga sitiyarinta ya sha jar fata mai adon kore da baƙi, ga 'yan tuntaye suna lilo a ƙasa. Aikin matarsa ne, Lalla, 'yar maƙeran Abzinawa daga wajen Abalak, gidan da maza ke ƙira mata ke dukanci.

Tana da yadda take yi. Sai ta jiƙa fatar akuya ta kwana cikin ruwa, da safe Alƙasum ya kawo motar ƙofar gida, ta fito da basillarta da zare ta hau kujerar direba. Lokacin nan kaɗai take zama gaban mota. Da danshinta take ɗinka fatar, ta bi da'irar, ta rufe har hannuwan da suka riƙe tsakiya, oda kawai take bari a waje. In rana ta buga, fatar ta bushe ta kame sitiyarin gam, ko tsinke ba ya samun wurin shiga. Direbobin tasha sun sha roƙonta ta yi musu, ta ƙi. Jaka da zabira da gidan laya takan sayar wa kowa, sitiyari kuwa na mutum ɗaya ne.

Shi Alƙasum a manyan motocin albasa ya koyi tuƙi, daga baya ya samu aiki wurin Turawan porje, masu dashen itatuwa da jera duwatsu a gangaren tsaunukan Adar don ruwa ya daina kwashe ƙasa. A nan ya yi ƙuruciyarsa ya kuma bar ta. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da baƙin rawani, kuma Allah bai halicce shi da gaggawa ba. Abokansa na tsokanarsa wai mai jaki ya taɓa wuce shi a hanyar Tebaram har ya ɗaga masa hannu. In zabi suka fito tsallaka hanya, tsayawa yake yi sai na bayansu ya wuce. Bai taɓa taka ko kaza ba, kuma da wannan yake alfahari, bai ɓoye ba. In hira ta yi daɗi wurin shan shayi sai ya daki cinyarsa ta dama ya ce, “Ƙahwag ga ba ta taɓa yi min ƙarya ba.” Wannan suna shi ne gonarsa, shi ne garkensa, ba shi da wani abu bayansa.

Sai zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka fito kowacce da tutarta da mawaƙanta, mutane suka samu bakin magana suka rasa na sawa a ciki. Arewa ta rikice da tawaye, aka fara tare motocin porje a daji ana ƙwacewa, Turawa suka naɗe kayansu suka tafi. Kafin a gama jimamin wannan aka karya darajar kuɗin sefa. Alƙasum ya dawo gida ya zauna, dukancin Lalla ya zama shi ne tuwon gidan. Ga shi ita ma yanar ido ta fara rufe mata gani, da lalube take aiki. Wata rana wata mata ta maido mata da zabira, ta ce ɗinkin ya karkace. Ranar Lalla ba ta ci abinci ba, kwana da kwanaki kuma ba ta taɓa basilla ba.

Ana cikin haka Alhaji Nafi'u, wani attajirin albasa da wake wanda iyayensa suka zo daga Maraɗi, ya ji yana son zama depite, wato ɗan majalisa. Mai son kujera kuwa dole ya zaga ƙauyuka, don haka ya aika Kwatano aka sayo masa kat-kat, motar shiga daji, ta hannu, baƙa, ƙatuwa, wadda aka ce an ƙera ta ne don hanyoyin Amirka. Tawa ba ta taɓa ganin irinta ba. Ba ta da kuloci, abin takawa biyu ne kacal, totur da birki, ita ke sa wa kanta giya. A hannuwan sitiyarinta akwai wasu 'yan maɓallai da rubutun Ingilishi, ba wanda ya damu ya san aikinsu, an ɗauka kwalliya ce. Da aka zo maganar wanda za a ba amanarta, kowa ya ce Alƙasum.

Ranar da ya kawo ta ƙofar gida, Lalla ta fito tana shafa jikinta da tafin hannu. Ta shiga ta zauna, ta lalubi sitiyarin ta zagaye shi.

“Tsirara za ka tuƙa ta, baban Safiya?” ta tambaye shi.

“Sai abin da kika ce.”

“Jiƙa min hwata.”

Washegari wuni guda ta yi a kai, abin da da can kafin azahar ta gama. Ta rufe da'irar, ta rufe hannuwan da maɓallansu kamar yadda ta saba rufe na kowace mota, ta ja zaren da ƙarfin da ya fi na kullum, don kada wani ya sake cewa hannunta ya saki. Ta sauko tana murmushi, abin da Alƙasum ya daɗe bai gani ba. Ta ce masa muddin tana iya wannan, to da sauranta.

Watannin sanyi suka wuce lafiya lau. Da bazara ta kama, wata rana tsaka suna kan kwalta za su Ƙonni, Alƙasum ya ɗaga ƙafa daga totur don ya rage gudu, motar ta ƙi ragewa. Ƙara wuta ma ta yi da kanta. Ya taka birki, ta yi gurnani, tana ja gaba birki na ja baya, warin ƙuna ya cika ciki. Da ƙyar ya kashe makulli ya gangara da ita gefe. Alhaji da ke baya ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Nan da nan magana ta bazu cewa 'yan ɗaya jam'iyyar ne suka yi wa motar jifa. Aka kira malamai suka yi mata tofi daga gaba har baya, aka wanke allo aka yayyafa wa tayoyi, aka rataya laya a madubi. Motar ta yi ladab na ɗan lokaci, kowa ya ce ka gani.

Na biyun ya fi muni. Ranar kasuwar Kalfu ce, suna tafe da magoya baya cike da mota, hanya ta cika da mata da jakuna da 'yan tumaki. Suna dosar gari motar ta sake ɗaukar gudu. Alƙasum ya danne birki da iya ƙarfinsa, ya ga ba za ta tsaya kafin jama'a ba, sai ya karya kanta cikin yashin wata gona. Ta yi ta haƙilo har ta je ta tunkuyi wani rumbun hatsi, rumbun ya zube a kanta. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye, sai dai Alhaji ya fito da buntun gero har cikin kunne, a gaban mutanen da ya zo neman ƙuri'arsu. Kafin la'asar abokan hamayya sun samu abin faɗi: wanda bai iya tsai da motarsa ba, wa zai ba shi riƙon jama'a?

Tun da tofi bai yi ba, sai idanu suka koma kan direba. Aka ce Alƙasum ya tsufa. Ƙafar da ta saba da abin takawa uku ta ruɗe da biyu, in ya nufi birki sai ya taka totur. Samarin tasha da ya koya wa riƙon sitiyari su ne suka fi yayata maganar. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya daina zuwa shan shayi. Alhaji ya kira shi ya ce, cikin ladabi amma ba wasa, “Malam Alƙasum, ni ban ce kai na ba. Amma a kai ta gareji a bincika. In laihin mota na, mu gyara, ka ci gaba da aikinka. In ba nata na ba, ka san sauran.”

Ya kai ta wurin Mumuni bakanike, abokinsa tun zamanin motocin albasa, wanda ya yi shekaru yana aiki a garejin Abijan. Mumuni ya duba birki ya ga ba abin da ya same shi sai ƙuna. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya daɗe, ya fito riƙe da bakin wata 'yar waya da ta tsinke. Sannan ya sa babban yatsa ya bi jar fatar yana dannawa, har ya ji tudun maɓallan a ƙarƙashi. Ya ɗago ya dubi abokinsa.

“Mi kag gani?” in ji Alƙasum.

“Wagga mota tana da wani abu da ka riƙe mata gudu, don mai doguwar tahiya shi huta da taka totur. Maɓallan ga su ka kunna shi. In ka taka birki ya kamata shi saki, amma wayar da ka hwaɗa mai an taka birki ta tsinke, ƙila tun kahin ta baro Kwatano. Da ba a taɓa maɓallan ba, da har abada ba mu sani ba.”

“Ni ban taɓa su ba.”

“Ba kai ba. Hwatar. In rana ta yi zahi sai ta ƙara kamewa ta danne su, kai kuma ka ɗora hannu bisa. Ɗinkin ya yi ƙarhi da yawa, Alƙasum.” Mumuni ya yi dariya don murna, ya dafa shi. “Ka hita laihi! Tashi mu je tasha in nuna musu ƙahwarka lahiya lau take.”

Alƙasum bai tashi ba. Ya san tasha, ya san bakin mutanen Tawa. Kafin magariba labarin zai kai rijiyar unguwarsu: makauniyar badukuwa ta kusa hallaka kasuwar Kalfu da ɗinkinta. Matar nan ta zabira ma za ta ce ai ta faɗa. Kuma Lalla za ta ji, don kunnenta bai tsufa ba. Ya ci gaba da zama a kan wata tsohuwar taya yana kallon ƙafarsa ta dama har inuwa ta juya.

“Haɗa wayar, Mumuni,” ya ce. “Hwatar ni za ni cire ta. Amma don girman Allah kada wani shi ji.”

“Sunanka hwa? Shi ɗai gare ka.”

“Na ci moriyarshi, ya isa.”

Mumuni ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga ƙarshe ya rantse. Bai kuwa buɗe baki ba sai bayan da aka binne Alƙasum da Lalla, kuma daga bakinsa wannan labari ya fito.

Washegari Alƙasum ya je gidan Alhaji ya miƙa makulli. Ya ce mutane sun yi gaskiya, ƙafa ta tsufa, ya nemi gafarar rumbun da ta geron. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya tafi da fatar sitiyarin. Ya ari reza ya zauna ya bi zaren a hankali, bai yarda ya ji wa fatar ciwo ba. Aka ba wani saurayi Kabiru motar, kuma tun daga ranar ba ta sake yin gardama ba. Gari ya ce to, ga shi nan, ashe direban ne. Alhaji bai ci zaɓen ba duk da haka. Alƙasum kuwa ba wanda ya sake ba shi mota, gadin wani sito ya samu kusa da tasha, inda samari kan wuce su ce, “Baba, wanne na birki?” Yakan yi dariya ya nuna musu ƙafar hagu.

Amma a ranar da ya ajiye aikin, da ya shigo gida, ya tarar da Lalla zaune a tabarma ta fito da basillarta, tana yi wa wata 'yar unguwa gidan laya. Tun da ta ɗinka sitiyarin nan ta koma aiki. Ya ce mata ya gaji da hanya, bayansa ciwo yake, ya bar wa yara. Ya ɗora mata fatar a cinya.

Ta ɗauka ta shinshina, ta bi gefenta da yatsa, huda bayan huda, har ta zagayo inda ta fara.

“Da reza kac cire ta?”

“Da reza. Ta ƙi hita.”

“Ka gani ko?” Ta ɗago fuska wajen da take jin muryarsa, tana murmushi. “Sun ce hannuna ya mutu. Duk zahin ga da anka yi, ko wuri guda ya saki?”

Alƙasum ya zauna kusa da ita ya miƙe ƙafarsa ta dama.

“Ko wuri guda bai saki ba, Lalla,” ya ce.